Jirage Biyu a Kan Dardumar Sitti Mairama

"...lafiya lau, alhamdu lillahi. Ya mutanen unguwar Shisha? Ya uwar taka da ƙafarta? To zauna mana, ka tsaya mini a ka kamar an dasa ka."

Lurwanu bai zauna ba sai da ya gama haki. Matakala arba'in da bakwai ce daga ƙofar gini zuwa ɗakin kakarsa, Hajiya Mairama, wadda yake kira Sitti, a hawa na uku a unguwar Ka'akiyya, kudu da Harami, yau kuma ya haye su cikin daƙiƙa talatin da ɗaya, don ya duba agogo. Shi ƙirga ba ɗabi'a ce kawai ba, sana'a ce. Shekara shida ke nan duk aikin Hajji yana tsaye a Muzdalifa da takarda a hannu yana loda alhazai a bas, arba'in da tara-tara, bai taɓa barin ko mutum ɗaya a ƙasa ba. Bana da aka watse aka ba shi hutun kwana bakwai, ya rantse sai ya kai tsohuwar nan yawon teku a irin manyan jiragen nan masu kama da unguwa guda. Ya kama ɗaki a jirage biyu, ofishin tafiye-tafiye ya ce zai riƙe masa zuwa la'asar ɗin yau. In aka kira salla bai zaɓi ɗaya ba, duka biyun sun tafi, hutun ma ya tafi a banza. Saura minti hamsin da biyu. Ita kuwa mako uku ke nan amsarta ɗaya ce: "Ma gani."

Ya baje takardu biyu masu sheƙi a kan darduma, tsohon mukayyif ɗinta, na'urar sanyaya ɗaki, yana ta gurnani yana fesa musu sanyi.

"Amarya, yau babu ma gani. Ga su nan, fari da shuɗi."

"Wace ce amaryar taka? Miji ya shigo hannu yana dukan cinya, ko gurasar tamis ɗaya bai riƙo ba, sai takardu. Takarda zan tafasa?"

"Haƙora nawa suka rage miki da za ki ci tamis? Ranar Juma'a na ƙirga kina hamma. Tara ne."

"Goma sha ɗaya, ɗan nema! Biyu suna can ciki suna hutawa. Kai mai talatin da biyu, me ka tsinana da su ban da surutu?"

"Ɗayyib, goma sha ɗaya. Saurara. Farin nan daga Dubai yake tashi, sai mun hau jirgin sama awa uku. Hawa goma sha tara gare shi. Yana ɗaukar mutum dubu shida da ɗari uku. Wurin cin abinci ashirin da ɗaya, tafkin wanka bakwai. Shuɗin kuwa nan Jidda yake, awa ɗaya a mota, ya zaga Bahar Maliya ya dawo. Hawa goma sha uku kacal, mutum dubu uku da ɗari, wurin cin abinci tara, tafki uku. Na jera abu goma sha uku, fari ya ci sha ɗaya. Ko ba a gwada ba, linzami ya fi ƙarfin bakin kaza."

"Tsaya, tsaya. Tafki bakwai? A tsakiyar teku?"

"A can sama."

"Wato mutane su hau kan ruwa, sannan su sake haƙa kududdufi a kan ruwan? Lalle hutu ya yi wa wasu yawa. Kuma ni kake so in shiga?"

"Wa zai bar ki? Kina shiga ruwan zai koma shayi, lalle da turaren shekara saba'in."

"Ya fi naka, da kana shiga za a ce a kwashe ruwan a zubar. To wurin cin abincin fa, ciki nawa gare ni? Ashirin da ɗaya! Ko saniya huɗu Allah ya ba ta."

"Zaɓi ne, ya Sitti. Yau nan, gobe can."

"Akwai tuwo miyar kuka?"

"Babu."

"A shuɗin fa?"

"Babu."

"To ka rubuta kunnen doki. Banza ba ta kori wofi ba."

Lurwanu ya ciro biro, ya ga babu inda zai rubuta wannan, ya mai da shi aljihu. Saura minti talatin da takwas.

"Mutum dubu shida kuma," ta ci gaba tana gyara zama, "Mina kake so ka mai da ni? Ni da na yi jifa tun babu gada, ana tattake mini ƙafa ina tattake ta wasu? Na ƙoshi da jama'a, maigida. Taron tsintsiya babu shara."

"Ai shi ne daɗin babba. Ƙofar shiga huɗu gare shi. Na yi lissafi, in aka tsara layi yadda ya kamata, awa biyu da rabi an loda kowa."

"An loda! Ji bakinsa. Buhun gero ce ni? Kai fa ko aljanna aka kai ka, tambayarka ta farko mutum nawa take ci."

"Ke kuwa sai kin tambaya ko akwai goro."

"Zan tambaya mana! To alƙibla fa? Shekara sittin da takwas ina garin nan ban taɓa tambayar kowa alƙibla ba. Ko makauniya ce ni na san inda Harami yake. Yanzu in ina tsakiyar ruku'u direban ya karya kwana fa?"

Nan fuskarsa ta washe, don wannan ya shirya mata.

"Duka biyun akwai masallaci. A farin ma biyu ne. Da allo mai kibiya, jirgi ya juya ita ma ta juya."

"Ni ma in juya ke nan. In yi ta katantanwa a kan darduma kamar kazar da aka yanka, kai kana gefe kana ƙirga mini zagaye."

"Wallahi da na ƙirga."

"Na sani ai. In ma kana tsaye ke nan. Kai da ka yi amai a hanyar Ɗa'ifa, a mota, a kan tudu, a kan sabuwar abayata?"

"Ina da shekara bakwai lokacin!"

"Sau huɗu. Tunda ƙirga kake so. Hali zanen dutse ne, yaro. Teku zai gan ka ya yi murna."

Ya duba agogo. Saura minti goma sha tara. Wasan ya fara fita daga ransa. Ya riga ya gaya wa duk abokan aikinsa zai kai kakarsa teku, ya duba fasfo ɗinta da iƙamarta ta izinin zama sau uku, ya saya mata takalmi mai kama ƙasa. Ya matso ya dafa gwiwarta.

"Sitti, don Allah. In la'asar ta yi, halas, sun saki ɗakunan. Hutuna ba zai dawo ba sai baɗi, baɗi kuwa..."

"Baɗi kuwa tsohuwa ta mutu, ko? Faɗi mana. Ni zan binne ka, in auri ƙaninka, ya fi ka kyau."

"Ki aure shi a jirgi, na yarda. Ki dai ce fari."

Ta ɗauki takardar farin ta kawo ta daf da hanci, ta nisantar, ta juya ta.

"Karanta mini ɗakin da ka kama."

"Yawwa! Hawa na tara. Gado biyu. Taku arba'in zuwa lif, ba za ki hau matakala ko ɗaya ba. Taku ɗari da goma zuwa abinci. In aka ce a fita da gaggawa, Allah ya kiyaye, ƙofarmu ce ta uku daga kwale-kwalen ceto."

"Taga nawa?"

Lurwanu ya bi jerin nasa da yatsa daga ɗaya zuwa sha uku. Babu taga a ciki. Shekara shida yana zaunar da mutane, babu alhajin da ya taɓa ce masa a Muzdalifa yana son gefen taga. Kujera kujera ce, in ka samu ka gode Allah.

"Masu taga sun ƙare a farin. Wannan a tsakiyar jirgi yake. Amma akwai babban allo a bango, yana nuna tekun kai tsaye."

"Talabijin."

"Ba talabijin ba ne, allo ne mai..."

"Talabijin. Shuɗin fa?"

"Ɗakin ya fi ƙanƙanta. Yana da ɗan baranda a kan ruwa. Ban sa a lissafi ba, tunda mutum ba ya kwana a baranda."

Hajiya Mairama ta ajiye takardar a hankali. Ta jawo carbinta tana murzawa.

"Ina da shekara takwas aka ɗebo mu daga Sawakin, can tsallaken tekun Jidda, ni da Innata. Jirgin katako ne, ko rabin ginin nan bai kai ba. Aka tura mu can ƙasa tare da buhunan albasa, aka ja tamfol aka rufe don kada a gan mu. Kwana uku. Ina jin ruwan yana dukan katako daidai kunnena, amma ko sau ɗaya ban gan shi ba. Inna ta ce in yi haƙuri, in mun kusa za a buɗe in gani. Da aka buɗe sai ihu ake mana mu yi tudu da gudu, kada mu waiwaya. Daga baya na sha ganinsa a bakin gaɓa a Jidda, ina cin gyaɗa kamar kowa. Wannan gaisuwar nesa ce. Tsakiyar nake so, inda na wuce. Ruwan Dubai kuwa ban san shi ba, ba ma gaisawa."

Ta ɗago ta dube shi, idon nan ya koma na tsokana.

"Sai ga jikana mai ilimi, ya ƙirga ya ƙirga, mako uku, ya sake nemo mini wurin albasa. Sai dai shi ya sa masa mukayyif da talabijin."

Dariya ta ƙwace wa Lurwanu har ya kwanta a kan takardun. Ya zaro waya yana share ido, ya kira ofishin tafiye-tafiye.

"Alo, Ayman? Shuɗin. I, shuɗin na ce, mai baranda. Na san abin da na faɗa jiya. Yalla, rubuta kafin a kira salla."

Ya kashe. Saura minti shida.

"Na sallama, amarya. Abin da babba ya hango..."

"Ko ka hau hawa goma sha tara ba za ka hango ba. Jawo mini abin da ke ƙarƙashin gadon can."

Ya durƙusa ya jawo. Akwati ne, a ɗaure tsaf, da sabon takalmin nan a kai, da wata 'yar leda.

"Yaushe kika haɗa wannan?"

"Ranar da ka fara kawo zancen."

"Mako uku kina ce mini ma gani!"

"Da na ce to tun ranar farko, sau nawa za ka hawo matakalar nan?"

Bai so ya ƙirga ba, amma kansa ya riga shi. Sau tara ya zo cikin mako ukun nan. Kafin nan, sau biyu a wata.

"Buɗe ledar, taka ce. Lemon tsami ne, ka riƙa shinshinawa in cikinka ya fara tashi. Ɗaya kullum, kwana bakwai. Kada ka ce matarka ba ta iya lissafi ba."

Ya zazzage su a tafin hannu, leɓɓansa suna motsi.

"Sitti, takwas ne."

"Na takwas ɗin na hanyar Jidda ne," ta ce, tana miƙa hannu ya tashe ta, ladan yana ɗaga murya daga masallacin ƙasa. "Sabuwar abaya zan sa."