Zomon Bello a Tukunyar Miya

Ni fa na yi aji huɗu a Bodinga, saboda haka ba a yi mini bayanin kimiyya sau biyu.

Shekarar da gwamnati ta tsuke bakin aljihu, dabbobin jami'a suka rasa abinci, sai ɗan ƙanwata Bello ya kawo mini ajiyar zomo. Ya ce akwai sinadarin da ke tada aikin ƙira a cikin ƙwayar halitta. Wata shida yana yi wa zomon allurarsa, don jininsa ya haɗa garkuwar da za ta nuna inda sinadarin yake. Digirinsa kaf yana cikin jinin nan. Na ce, "Wanga ai ƙaramin karatu na."

Ranar da ya aiko zai zo da malaminsa, gidana ko kaza babu. Farfesa guda a ba shi tuwo gaya? Na dubi zomo, ya yi ɓul-ɓul. Na ce in jinin zomo ne, kasuwa cike take da 'yan'uwansa. Na fuskantar da shi gabas, na yi bisimilla.

Farfesa ya ci har da tanɗe yatsu. Sai Bello ya fito da sirinji.

"Kawu, ina zomon?"

Na dubi kwano. Farfesa ya ajiye ƙashin hannunsa a hankali.

"Kawu, to jinin fa?"

"Ɗana, mu Musulmi na, ƙasa ta shanye."

Bello ya ƙara shekara guda a jami'a. Ni kuwa har yau in na doso majalisa sai ka ji, "Ku ɗaure awakinku, ga Shugaban Bincike nan tahe da yuƙa!"