Ranar da Na Ce Ɗana Na Hajiya Ne

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da silifas ɗina suka ƙi shiga ƙafata ba. Ina cikin jego, ko arba'in ban yi ba. Na fito daga wanka sai na ga ƙafafuna sun yi suntum, kafin na kai ƙofar ɗaki kuma numfashina ya sarƙe, na dafa bango ina haki kamar wadda ta zagaye kasuwar Azare da gudu. Innata ta ce ruwan jego ne, a ƙara mini kunun kanwa. Aka ƙara. Washegari ko kwanciya na kasa sai a jingine, maigidan ya nemo mota aka kai ni babban asibiti.

Likita ya ce zuciyata ce ta gaji, ba ta harba jini yadda ya kamata, kuma hakan yakan sami wasu mata bayan haihuwa. Ni dai "zuciya" kawai na ji, na fara yafe wa mutane a raina. (Har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi.)

Da gari ya waye Inna ta tafi Giade ɗebo kaya, surukata Hajiya ta karɓi jinya. A nan matsalar take. Jaririna ɗan fari ne, kuma sunan surukina ya ci, wato kunya biyu a kan mutum ɗaya. Ba na kiran sunansa, ba na ɗaukarsa a gaban manya. In zai sha nono, Hajiya takan ajiye shi a gefena ta ce za ta je ɗebo ruwa, ni kuma na ja labule.

Da hantsi wata doguwar mata mai farar riga ta zo da magunguna a ɗan faranti, ta ja kujera ta zauna. Ta ce ita ce mai harhaɗa magunguna, kuma ita da likita sun shirya in fara su tun ina kwance, don su ga yadda jikina zai karɓa kafin a sallame ni. Daga jin Hausarta ka san Babarbariya ce, mu kuwa Fulani, don haka tun a gaisuwa suka fara tsokanar juna da Hajiya.

"Wannan ƙaramin zai fitar miki da ruwan jiki, ki ƙulla zumunci da banɗaki," in ji ta. "Wannan kuma zai rage wa zuciyar nauyin aiki. Da kaɗan za mu fara, muna auna jininki muna duba ƙoda, sannan mu ƙara. Kunun kanwa kuwa, ku yi sallama. Gishiri ma a rage."

Sai ta dube ni. "Kina shayarwa?"

Hajiya na zaune a gabana, yaron a cinyarta. Ni da na gama sakandare, na san amsar wannan tambaya sarai. Amma na sunkuyar da kai na ce, "A'a."

"To wannan ɗan saurayin na waye?"

"Na Hajiya ne."

Hajiya ta gyaɗa kai, ta ji daɗin tarbiyyata. Matar ta dube ni, ta dubi yaron, ta yi murmushi, ta ba ni maganin na haɗiye a gabanta.

Bayan azahar Hajiya ta tafi ɗebo ruwanta, na ja labule na ba shi ya sha har ya saki. Ina gyara riga sai matar gadon kusa ta leƙo.

"Ke kuwa, ba ke na ji kin ce ba kya shayarwa ba? Ni fa wani magani suka canja mini, wai yana bi ta nono ya taɓa yaro."

Na dubi ɗana. Ido a rufe, baki a buɗe, hannu ya saki. Na taɓa kumatunsa, shiru. Na jijjiga shi, shiru. Wallahi a lokacin na gama yarda na kashe shi da bakina.

Ban san sa'ad da na sauko daga gado ba. Ba ɗankwali, ba takalmi, zani a hannu ɗaya yaro a ɗayan, na nufi teburin ma'aikata inda na hango farar rigar mai harhaɗa magungunan, ina haki ina ihu: "Ɗana ne! Ni na haife shi! Nono yake sha! Wayyo Abdulƙadir, Abdulƙadir ka tashi!"

Ashe lokacin dubiya ya yi. Daga bakin ƙofa wata murya ta ce, "Na'am?"

Surukina ne, Alhaji Abdulƙadir da kansa, riƙe da ledar lemo. A bayansa ga Hajiya da butarta. (Da akwai rami a wurin, da na shige na ja ƙasa na rufe.)

Mai maganin ba ta fara da yaron ba, ni ta fara zaunarwa a kujera. "Numfasa tukuna, kada ki ɓata mana aiki." Sannan ta karɓe shi, ta duba numfashinsa, ta ɗan murza tafin ƙafarsa. Ya tsala ihun da sai da duk ɗakin ya waigo.

"Ƙoshi ne," in ji ta. "Ɗan Hajiya ya sha nonon wata ya yi barci."

Ɗaki ya ɗauki dariya. Ni kuwa kuka nake, ina cewa na yi mata ƙarya, maganin ya shiga jikinsa.

"Ke 'yar Fillo, kin zaci ke ce ta farko da ta ba kaka ɗanta a gabana? Kina ce mini a'a, gaban rigarki a jiƙe yake sharkaf. Tun kafin na zo wurinki muka zaɓi waɗanda mai shayarwa za ta iya sha." Sai ta daina murmushi. "Amma ki ji ni da kyau. Ba kowa ne zai dubi rigarki ba. Nan gaba in mai magani ya tambaye ki, ki faɗi gaskiya ko Alhaji ne a zaune a kan gadon."

Alhaji ya yi gyaran murya, ya duƙufa yana nazarin ledar lemonsa. Hajiya ta cire mayafinta ta rufa mini a kai, ta raɗa mini, "Ai kin gama kiran sunan, sai ki riƙe abinki."

A nan na koyi cewa kunya tana da kyau, amma in an zo ƙofar asibiti gara a ba wani ajiyarta, don wadda na guje wa a gaban mutum biyu sai da na sha ta a gaban ɗaki guda.

Mai maganin ta miƙo mini yaron, a gaban kowa, ta danna ƙafata da yatsa ta duba.

"Lafiyarsa ƙalau, ki ci gaba da ba shi. Ke ma kumburin ya fara saɓewa, muna tare da ke har ki miƙe."

Na rungume shi. Ban iya ɗaga kai na dubi kowa ba, amma ban mayar wa Hajiya da shi ba.