Na Yi wa Alhaji Sabo Ta'aziyyar Kansa

Ba zan taɓa mantawa da hutun da muka yi bayan gama aji biyu ba, ko da kuwa na so in manta, don akwai mutanen da suka ɗauki nauyin tuna mini.

Aikin jarida nake karantawa a wata kwaleji. Kafin mu tafi hutun, malamarmu mai koyar da rubuta labarai ta ba mu aiki: kowa ya buɗe shafi a dandalin sada zumunta, ya riƙa kawo labaran garinsu, in mun dawo ta duba ta ba da maki. Ta daɗe tana jan kunnenmu a kan tantance labari kafin a yaɗa shi, ni kuwa ina gaba-gaba ina gyaɗa kai kamar ƙadangare. Na dawo Daura da jaka a kafaɗa da ɗan littafin rubutu a aljihun gaba, ina jin cewa garin ya daɗe yana jiran irina.

A lokacin jita-jita ta cika gari. Yau a ce an buɗe iyaka a Kongolam, gobe a ce an sake rufewa, jibi a ce kuɗin mai zai sauko. Duk wanda ya turo irin wannan a guruf ɗin danginmu, ni ne mai binsa da tambaya: "Ina majiyarka?" Har Goggona, yayar mahaifinmu, ban ƙyale ba. Ta turo wani saƙon murya a kan wai an hana cin wani irin kifi, na rubuta mata dogon bayani kan illar labaran ƙarya. (Ba ta iya karatun boko ba. Jikarta ce ta karanta mata, aka ce ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce Allah ya shirya.)

Shafin nawa kuwa bai tashi ba. Na rubuta labarin tsadar taki, mutum uku suka so shi, biyu daga ciki 'yan ɗakinmu ne. Na je kasuwar Zango na yi hira da masu gyaɗa, na dawo da ƙafa duk ƙura, ba wanda ya ce uffan. Abokan karatuna kuwa ina ganin shafukansu suna ta cika. Abin ya fara cina a rai.

Ran nan da safe, ina zaune a ƙofar gida ina shan koko, sai na kira Kawu Hamisu, ƙanin mahaifiyata. Direban motar haya ne tsakanin Daura da Kongolam, don haka na mai da shi majiyata a kan harkar iyaka, ba tare da ya sani ba. Yana kan hanya, iska na ta kaɗa wayar, ga hayaniyar fasinja.

"Kawu, yau akwai wani labari?"

"Babu komai," in ji shi. Sai kuma ya ƙara wata magana wadda iska ta cinye farkonta. Abin da ya iso kunnena shi ne, "...yi wa Alhaji Sabo rasuwa."

"Alhaji Sabo mai hatsi?"

"Shi fa. Da asuba. In na sauke fasinja zan biya." Ya kashe.

Alhaji Sabo babban dillalin hatsi ne, kusan kowa a ƙasar Daura ya san sunansa. Ni ma sunan na sani. A jikin motocin ɗaukar kaya nake ganinsa, amma ban taɓa ganin fuskar mai shi ba. Kunya ta hana ni faɗin abin da na fara ji a raina, amma tunda na ɗauko maganar bari in ƙarasa: ban fara da innalillahi ba. Abin da ya fara zo mini shi ne, ba wanda ya riga ni.

Na ajiye kokon. Cikin minti biyar na rubuta "Da ɗumi-ɗuminsa" da manyan baƙaƙe, na sanar da duniya cewa Allah ya yi wa fitaccen ɗan kasuwa Alhaji Sabo rasuwa da asubahin yau. Na ƙara da cewa "majiya mai tushe" ce ta tabbatar mini. Da ban sami hotonsa ba, na sa baƙin allo. Na kuma yaba halinsa na kirki da taimakon talakawa, abin da ban sani ba amma na ga haka ake yi.

Nan da nan shafi ya kama. Ina kallo ana ta turawa gaba, ana ta "Allah ya jiƙansa". Ban taɓa ganin haka ba. Ina cikin jin daɗin ne wayar ta mutu, don kwana biyu ba a kawo wuta ba. Na kai ta wurin mai caji, na dawo na yi wanka, na sa farar shadda. Na yanke shawarar bayan azahar zan je gidan makokin in haɗa cikakken rahoto, kamar yadda ƙwararru suke yi.

Ban sha wahalar gane gidan ba. An shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin rumfa, motoci da babura sun cika layin, mutane na zuwa suna tafiya. An riga an kai gawa tun da hantsi. Na cire takalmi na bi sahun masu gaisuwa. A tsakiyar manyan da ke karɓar ta'aziyya akwai wani dattijo siriri, mai furfura a gemu, sanye da shuɗiyar riga marar aiki, yana jan carbi. Kowa a gabansa yake fi daɗewa. Na ce a raina wannan ƙanin marigayin ne ko amininsa. (A tunanina mai kuɗi dole ya kasance da tumbi. Ban san a wane aji aka koya mini wannan ba.)

Na durƙusa na miƙa masa hannu biyu.

"Baba, ya haƙuri?"

"Haƙuri sai godiya. Allah ya ba da lada."

Da a nan na tsaya na tashi, da na tsira. Amma ɗan jarida yana buƙatar a saki jiki da shi kafin ya fara tambaya, haka littafinmu ya ce. Sai na gyara zama, na sassauta murya.

"Allah ya jiƙan Alhaji Sabo. Wallahi an yi babban rashi. Mutumin kirki ne."

Carbin ya tsaya. Dattijon ya ɗago ya dube ni, ba fushi a fuskarsa, sai dai irin kallon da ake yi wa akuyar da ta shigo masallaci.

"Amin," in ji shi a hankali. "Ka san shi ke nan?"

"Sosai ma, Baba."

"To madalla. A ina kuka saba?"

Na fara jin wurin ya yi tsit. Wani da ke gefe ya sunkuyar da kai yana gyara hula. Duk da haka bakina bai tsaya ba. "Ai mutum ne na jama'a," na ce. "Ba wanda bai amfana da shi ba."

"Na gode da wannan shaida," in ji shi. "Ba kowa Allah yake ba wa ikon jin tasa da kunnensa ba. Ni ne Sabo. Wanda ya rasu yayana ne, Malam Idi."

Ban san tsawon lokacin da na yi a durƙushe ba. Na dai san har lokacin ina riƙe da hannunsa, kuma na kasa tuna yadda ake sakin hannun mutum. Wurin makoki ne, ba damar a yi dariya, sai mutane suka koma tari. Layi guda na dattawa, kowa na tari.

A nan ne ƙwaƙwalwata ta ƙarasa mini jimlar Kawu. "An yi wa Alhaji Sabo rasuwa." Ba "Allah ya yi wa" ba. Duk yaron da ya fara wayo a ƙasar Hausa ya san bambancin nan: na farko ɗan uwanka ne ya tafi, na biyu kai ne ka tafi. Ni da nake shirin koya wa al'umma tantance labari, a tsakanin waɗannan biyun na faɗi.

Na so in sulale. Sai wani mutum da ke zaune a bakin tabarma ya matso da waya a hannu. Oga Emeka ne, mai shagon kayan gyaran mota, wanda ya fi shekaruna daɗewa a Daura, Hausa kuwa kamar jakin Kano.

"Alhaji, to ai ga irin abin da nake gaya maka," ya ce. "Wani ne ya rubuta a waya wai kai ne ka mutu. Ni na rufe shago na taho ina kuka a kan babur. Ina zuwa na gan ka zaune, saura kaɗan in juya da gudu. In na kama wanda ya rubuta wannan abu..."

Ya miƙo wayar ana dubawa. Ga baƙin allona. Ga "majiya mai tushe". A saman shafin kuma ga hotona, da farar shaddar nan da ke jikina, na rungume hannu ina murmushi irin na manyan 'yan jarida. Oga Emeka ya dubi wayar, ya dube ni, ya sake duban wayar.

"Ni ne," na ce, da wata murya da ban san ina da ita ba. "Alhaji, ni na rubuta. A gafarce ni."

Alhaji Sabo ya ajiye carbinsa. Sai ya ce in matso kusa, ya rage murya yadda sai ni da na kusa da shi za mu ji.

"Ɗan wane ne kai?"

Na faɗi sunan mahaifina. Ya gyaɗa kai, ya san shi. (Wannan ya ƙara mini nauyi, don na san kafin magariba labari ya isa gida.)

"Ni ban ji zafi ba," ya ce. "Ranar tana nan zuwa, ka dai yi gaggawa ne. Amma ina da 'ya tana aure a Kano. Kafin mu same ta a waya ta ga rubutunka. Ta shiga mota tana kuka, sai da suka wuce Kazaure sannan ta ji muryata. Tana cikin gida yanzu haka."

Na kasa ɗaga kai.

"Sannan tun safe rabin masu zuwa nan ni suka zo yi wa addu'a. In sun gan ni sai su yi ta murna, su manta akwai wanda muka binne. Yayana shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu. Shekara da shekaru yana noma a ƙauyenmu can wajen Baure, da geronsa na fara kasuwanci. Yau ranarsa ce, ka ba ni ita."

Wannan maganar ta fi tarin dattawan nan shiga jikina. Da zagina ya yi, da na fi samun sauƙi.

Ina nan zaune sai ga Kawu Hamisu ya iso. Bayan ya yi gaisuwa aka ba shi labari a taƙaice. Ya juyo ya dube ni ya ce, "Wai ni ne majiya mai tushen?" Na ce shi ne. Ya ce, "To daga yau tushen ya bushe."

Kafin in tashi na roƙi Alhaji izinin in gyara. Ya ce in gyara, amma kada in tsaya a cewa Sabo yana raye, wannan kowa ya gani. In ina son rubutu, in rubuta wanda ya tafi. Ya haɗa ni da babban ɗan marigayin, muka koma gefe. Na fito da ɗan littafin nan nawa, na yi tambaya ina rubutawa, duk sunan da ya faɗa sai na maimaita masa ya tabbatar. Na ji yadda Malam Idi yake ajiye irin gero na tun kakanni yana raba wa maƙwabta in damina ta zo, da yadda ya ƙi dawowa birni duk naciyar ƙaninsa, sai da ciwo ya kawo shi.

Na karɓo wayata wajen mai caji. Ban iya karanta saƙonnin da suka taru ba, na dai hango na Goggo a guruf ɗin dangi. Saƙon murya ne na daƙiƙa uku. Na san abin da ke ciki, amma na buɗe. "Ina majiyarka?" in ji ta. Shi ke nan.

Na goge labarin farko, na rubuta neman afuwa da sunana cikakke, sannan na sa tarihin Malam Idi. Bai yi ko kusa da yawon da ƙaryar ta yi ba. Har bayan mako guda ana samun masu zuwa daga nesa yi wa iyalan Alhaji Sabo ta'aziyyarsa, shi kuma yana fitowa da kansa yana amsawa.

Da muka koma makaranta na yi niyyar ɓoye zancen, sai na tarar malamar ta riga ta gani. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta dai sa na tsaya a gaban aji na ba da labarin da bakina, daga koko har zuwa tabarma, kuma na ji an ce har yanzu tana ba wa sababbin ɗalibai shi, ba tare da suna ba. (Kowa ya san sunan.)

Alhaji Sabo yana nan da ransa, cikin ƙoshin lafiya. In muka haɗu a wurin ɗaurin aure ko jana'iza, yakan kama hannuna ya nuna ni ga na kusa da shi ya ce, "Wannan ya san ni sosai." Ni kuma in sunkuyar da kai in ce Allah ya ƙara wa Alhaji tsawon rai, kuma ba wanda ya kai ni yin wannan addu'ar da zuciya ɗaya.

Abin da na koya bai da yawa. Labari ba ya lalacewa don ka sake kiran waya sau ɗaya. Kuma kafin ka binne mutum a rubuce, ka daure ka je ka leƙa, wataƙila yana zaune a kan tabarma yana amsa gaisuwa.