Ranar Da Na Maƙale A Rumbun Surukina

Ba zan taɓa mantawa da jajibirin sunan ɗana na fari ba, ko da tsufa zai mantar da ni komai. Har yau in na gifta ta gefen rumbu sai na ji ƙuguna ya amsa.

Bari in fara gaya muku irin mutumin da nake a lokacin. Ma'aikacin ofis ne ni a Karaye, kuma babban aikina zama. Daga kujera sai babur, daga babur sai bencin mai shayi. Hannuwa kamar sillen kara, ga tumbi ya yo gaba (abokai suna cewa alamar hutu ce, ni kuma in riƙa shafa shi ina jin daɗi). A kan wannan kuma ga sigari, tun ina saurayi. Da matata Rabi ta sami ciki, warin hayaƙin ya riƙa sa ta amai, maganar ta kai kunnen mahaifinta. Baba ya kira ni har zaurensa a Ruwan Bago, bai yi faɗa ba, nasiha kawai ya yi. Na sunkuyar da kai na ce, "Baba, in sha Allahu daga yau na bar ta." Dattijon nan ya ji daɗi, ya sa mini albarka, har a masallaci yana ba da labari wai surukinsa ya yar da taba a rana ɗaya. Ni kuwa abin da na daina shi ne sha a gaban mutane. Sai na koma bayan gida da bayan ofis, in na gama in tauna kanumfari.

To, Rabi ta haihu a gidansu kamar yadda aka saba a haihuwar fari. Ana gobe suna na kai rago da kayan barka. Bazara ce, rana kamar ta sauko ƙasa. Ina zaune a zaure na ji surukata Inna tana cewa dawar tuwon suna ba za ta isa ba, sai an shiga rumbu, ga Baba gwiwa ta hana shi hawa tsani, samarin unguwa kuma duk sun tafi kasuwa. Wa ya aike ni? Wallahi babu. Sai kawai na ji bakina yana cewa, "Ai ba sai an jira kowa ba, Baba, ni ma zan iya."

Baba ya dube ni. "Anya kuwa, Malam? Ku mutanen ofis?"

"Ai tun da na bar abin nan ƙarfina ya dawo," in ji ni. (Ku ji ƙarya fa, a gaban suruki, ko ƙifta ido ban yi ba.)

Rumbun na ƙasa ne, dogo, ƙofarsa a sama. Aka ɗage jinka, na hau tsani ina ɓoye haki, na zura ƙafafu na dira a kan dammunan dawa. Shiga ba wuya. Talatu, ƙanwar Rabi, abokiyar wasata da ba ta raga mini ko kaɗan, ita ta tsaya a kan tsani tana karɓa. Baba ya ɗaga murya daga nesa ya ce in kula da zangarniyar da ke ɗaure a gefe ɗaya, irin shukarsa ne na bana, shi ya zaɓe shi da hannunsa. Na ce an gama. Na yi ta miƙa dami, Talatu tana cewa, "Yaya, wannan numfashin naka ne ko injin markaɗe aka kunna?" Da ta ce ya isa, sai ta sauka ta tafi wajen masu sussuka, ta ce in fito abina.

Nan Shaiɗan ya zo mini da shawara. Tun asuba ban sha ko kara ɗaya ba, kaina har sarawa yake. Ga wuri shiru, ga inuwa, ba mai ganina. Na ce zuƙa biyu kawai, tokar ma a tafin hannuna zan tara. Mutum da hankalinsa, da iyalinsa, ya kunna ashana a cikin rumbun hatsi! Ko tunanin inda hayaƙin zai bi ban yi ba, alhali ƙofa ɗaya ce, kuma sama take kallo.

Ban kai rabin karan ba na ji muryar Inna ta tsaga gidan.

"Innalillahi! Gobara! Jama'a, gobara a rumbu!"

Na murtsuke sigarin a bango, na ɗaga hannu zan kama bakin rumbu in fice kafin a taru. Sai a lokacin na gane abin da na yi wa kaina: dammunan da na taka na shigo, su na miƙa waje da hannuna. Bakin rumbun ya yi mini nisa. Na yi tsalle na kama, na rataya. Hannu ya riƙe, to amma sauran jikin fa? Na ce wa ƙafafuna su taso, suka ƙi. Na yunƙura in naɗe cikina in cusa gwiwa a bango, sai na ji babu komai a wurin, kamar buhun kunu aka ɗaura mini a ƙugu. Bayana ya ce ƙas, tari ya sarƙe ni, na faɗo tim.

Ina ƙoƙarin tashi bokitin farko ya sauka a kaina.

Da na yi magana a lokacin, da abin ya tsaya nan. Amma me zan ce? In ce ba gobara ba ce, ni ne? Sai na yi shiru ina fatan su gaji. Can na ji Talatu ta ƙwalla ƙara, "Wayyo Allah, Yaya yana ciki! Bai fito ba!" Ai kuwa sai gida ya rikice. Masu tulu, masu bokiti, har da ruwan da aka jiƙa gero, duk a kaina. Ina jin Rabi, mai jego, ta fito tana kuka tana kiran a ceci uban ɗanta. Ƙasan rumbun ya zama taɓo. Na waiga na ga irin Baba yana iyo a gefena, na ɗauke shi na rungume a ƙirji kamar jariri, amma ya riga ya sha ruwa.

Da ƙyar na samu tari ya sake ni na ce, "Ku tsaya! Don Allah ku tsaya, babu wuta!"

Wani maƙwabcinsu, Ɗan'azumi, ya leƙo daga sama. Ya duba dama, ya duba hagu, ya shaƙi iska. Sai na ga fuskarsa ta sauya.

"Malam, ina wutar take?"

"Ta mutu," na ce.

"To miƙo hannu."

Ya ja, na ja, ko motsi. Ya ce in taimaka masa in ɗago ƙafa, na ce ai tun ɗazu nake ɗagowa. Aka zuro mini turmi na taka, na samu kaina da kafaɗuna suka fito, daga nan kuma tumbi ya ce bai san zance ba. Ƙarshe igiyar guga aka kwanto, aka ɗaura mini a hammata, maza suka haɗu suna "ja, ja", aka zaro ni kamar akuyar da ta faɗa rijiya. A gaban surukai. A gaban matan unguwa da suka zo aikin suna.

Na tsaya a tsakar gida ruwa yana ɗiga, farar rigata ta manne a jiki, kwalin sigarin nan ya fito raɗau a aljihun gaba, har ana iya karanta rubutunsa. Rabi ta daina kuka, ta dube ni, ta juya ta shige ɗaki. Talatu ce kaɗai ta iya magana: "Sannu, Yaya. Ashe gobarar a aljihu take." Na so ƙasa ta tsage in shige.

Da la'asar Baba ya aiko a kira ni. Na same shi a bayan gida a kan tabarma, yana baza zangarniyar irinsa ɗaya bayan ɗaya, yana ware wadda taɓo ya ɓata. Na durƙusa (durƙuson ma sai da na dafa ƙasa). Na fara ba da haƙuri, ya ɗaga mini hannu.

"Iri ba komai ba ne, Malam, abin da ya lalace zan samu a wurin 'yan'uwa. Maganar da na yi a masallaci ma, ni na san yadda zan haɗiye ta." Ya juya wata zangarniya. "Abin da na tsaya ina tunani daban ne. Ka san Allah bai ba ni ɗa namiji ba. Na sa a raina ranar da tawa ta zo, kai za ka shiga kabari ka karɓe ni. To yau na ga in ka shiga, sai an bar gawata a rana an tafi neman igiya."

Bai yi dariya ba. Ni ma ban yi ba. Wallahi da mari ya yi mini da ya fi sauƙi, don hawaye ne kawai ya zubo mini.

A masai na jefa kwalin kafin in bar gidan. Ba zan ce muku abin ya zo da sauƙi ba. Na yi makonni ina faɗa da kowa, na tauna goro har haƙorana suka rine. Na je asibiti saboda bayan, likita ya danna cikina ya ce tsokar ciki da ta gadon baya duk sun saki don zama, hayaƙi kuma ya cinye numfashin. Ya koya mini wani motsa jiki da ake kifa ciki a dogara da gwiwar hannu da yatsun ƙafa. Ranar farko, kafin Rabi ta gama ɗaura zani na zube. Yanzu alhamdu lillahi ina daɗewa, kuma da ƙafa nake zuwa ofis.

Abin da na koya kuwa bai da yawa. In za ka yi wa suruki ƙaryar ƙarfi, yi ta a zaune, a zaure. Kuma duk ramin da za ka shiga, fara tambayar cikinka ko zai iya fito da kai.