Rasuwar Hedifon da Ya Yi Shiru ta Hagu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, akawun ɗakin rubutu na hawa na biyu, wanda 'yan ofis ke kira Baba Akawu, yana sanar da 'yan uwa da abokan aiki rasuwar hedifon ɗinsa, baƙi, mai igiya, wanda ya yi shiru ranar Talatar makon jiya da hantsi, ana tsakiyar aiki, bayan shekara goma sha ɗaya yana zaune a kansa.

Ga waɗanda ba su san marigayin ba, aikin Baba Akawu shi ne a kawo masa hirar da aka naɗa, ya saurara, ya buga ta a kwamfuta kalma da kalma. A ofishin nan makirfo biyu ake kafawa, saboda haka mai tambaya ta kunnen hagu yake fitowa, mai amsa kuma ta dama. Marigayi bai taɓa cakuɗa su ba, ko da sun hau yi wa juna katsalandan.

Ya kasance mai haƙuri da wadatar zuci. Bai taɓa neman caji ba, bai san wani abu wai shi batir ba. A soka kan igiyarsa a rami, ya ce "ƙis", shi ke nan sai aiki. Ba ya ƙari, ba ya ragi. Yana kawo "to, ai…" na mai neman hanyar zillewa, yana kawo jan numfashin da mutum ke yi kafin ya shara ƙarya, ya taɓa kawo kukan wata tsohuwa da ta ɗauka an kashe na'ura. Duk abin da ya ji, bai taɓa kai shi kunnen wani ba. Aibinsa kaɗan ne. Yana matse kunne, sosonsa na dama ya daɗe da yagewa, yana zubar da baƙin ɓurɓushi a wuyan riga, abin da matar Baba Akawu ta yi shekaru tana mita a kai. Igiyarsa kuwa naɗe take da salatif har wuri uku.

Jinyar ta faro ne tun bara. Ɓangaren hagu ya fara dusashewa, mai tambaya ya koma kamar daga ƙarshen baranda yake magana. Baba Akawu ya murɗa igiya, ya hura ramin, ya ƙure murya, babu sauyi. Da abin ya yi tsanani sai ya koma yin abin da bai taɓa yi ba a rayuwarsa ta aiki: ya saurari amsa, ya ƙirƙiro mata tambayar da ta dace. Wata uku asiri na rufe. Ranar da hagun ya mutu murus, a ranar shugabar sashe ta dawo masa da wani fayil, ta ja jan biro ƙarƙashin tambayoyi goma sha huɗu waɗanda babu wanda ya yi su. Ba ta yi faɗa ba, ai ya girme ta. Cewa ta yi cikin ladabi Baba ya sake kayan aiki, ya gyara hirar kafin Juma'a mai zuwa, don na sama da ita sun fara tambayar ko teburin nan yana bukatar sabon hannu.

An yi iya ƙoƙari wajen nemo magaji. 'Yarsa ta ba shi aron nata marar igiya, fari sol, mai yin "tun-tun" in an kunna. Tsohuwar kwamfutar ofis ta ƙi gane shi sai da aka yi rabin wuni ana roƙonta, da ta gane shi kuma sai ga shi da nawa: Baba ya danna tsayawa, shi yana can yana ƙarasa maganarsa. Kafin a tashi aiki batir ya ƙare. Direban ofis ya kawo nasa, wanda don kiɗa aka yi shi, kowace murya ta fito tana gurnani kamar daga cikin tulu. Na uku sabo ne daga shago, amma kan igiyarsa fale-fale ne, ramin kwamfuta kuwa zagayayye, aka sayo adafta, ita ma ta ce sai an nemo mata tata adaftar. Abin da ya ɗan sanyaya ran mai makoki shi ne duka ukun hagunsu ba ya fita. Ya bi ofis yana shaida wa kowa cewa kayan zamani dai an yi asara, har hagun ma sun daina sawa.

Ranar Litinin ya nannaɗe marigayi a jaka ya kai wa mai gyaran rediyo da ke ƙarƙashin matakalar kasuwa, ko Allah zai sa da sauran numfashi. Mai gyara bai ɗauko ko sukurdireba ba. Ya ɗora shi a kansa, ya kunna, ya saurara, ya daɗe yana kallon Baba. Sannan ya miƙo masa ya ce, "Baba, juya shi. Sa na daman a hagu."

Ya juya. Shirun bai bi hedifon ba, yana nan inda yake, a hagu.

Baba Akawu ya tsaya a wurin, jama'a na ture shi suna wucewa. Ya tuna sau nawa matarsa, wadda kullum ta hagunsa take zama in ana cin abinci, ta ce sai ta kira shi sau uku, shi kuma ya ce ita ce ta koyi magana ciki-ciki. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba, domin mutumin da kunne ne jarinsa bai san inda zai nufa ba in ɗaya ya tafi, bai kuma san ko ɗayan zai jira shi ba. Mai gyara ya rantse hedifon lafiyarsa lau. Duk da haka mai makoki ya nace a fitar da wannan sanarwa yadda take, don ya fi masa sauƙi ya yi kukan abin da zai shiga durowa.

Marigayi ya rasu ya bar tsohuwar kwamfuta ɗaya, adafta biyu da ba su san juna ba, rabin naɗin salatif, hirar minti hamsin da biyu da ke jiran tambayoyinta na gaskiya, da kunne guda wanda yanzu aikin biyu ya hau kansa.

Za a yi masa sutura da farin hankici ranar Alhamis da ƙarfe tara na safe, a kwantar da shi a durowar ƙasa ta teburin da ya yi wa hidima. Ba za a kulle durowar ba. Daga nan mai makoki zai wuce asibitin kunne tare da matarsa, wadda sai yau da safe ya iya gaya mata maganar kunnen, ya kuma ba ta haƙuri. In ya dawo zai hau sama ya ga shugabar sashe da bakinsa. Ana karɓar gaisuwa a ɗakin rubutu daga ƙarfe biyu. Ana roƙon masu zuwa su zauna ta damansa, kuma don Allah kada a ɗaga masa murya, abin bai kai nan ba tukuna.