Baftismar da Mama ba ta gani ba

Da za a yi wa 'yarmu baftisma a cocin Katolika na unguwarmu a Bronx, ni na ɗauki nauyin sanar da Mama da ke Kafanchan lokaci, don ta kalla ta waya. Matata ta ce, "Maigida, ka duba dai."

Na ce, "Shekarata tara a ƙasar nan. Sha biyunmu, shidan yamman Kafanchan."

Na manta a makon aka tura agogon Amurka gaba da awa guda.

Fada yana zuba wa yarinya ruwa, ina ta kiran maƙwabcin Mama da za a kalla a wayarsa, bai ɗauka ba. Muna tsakiyar cin shinkafa sai ga kiransa. Ga Mama da matan zumunta cikin anko, sun jeru a benci.

"Ɗana, mun shirya. Ina takwarata?"

Na gaya mata an gama. Ta ce, "Ba komai, turo hoto."

Da daminar shekarar Mama ta rasu, ba ta taɓa riƙe jikarta ba. Har yau in ƙannena sun kira, kafin gaisuwa sai su ce, "Yaya, ƙarfe nawa a wurinku? Ka tabbata?"