Murhun Ɗumama Ɗaki a Jarwal

Wata uku da zuwana Makka aiki, na ji hunturu ya kusa. Ni ɗan Jos ne, ba a koya mini sanyi. Na je da kaina na zaɓo murhun ɗumama ɗaki mai cin itace, wanda Larabawa ke kira daffaya.

Mai shagon ya ce, "Tabuka za ka aika? Can ake ƙanƙara."

Na ce, "Jarwal dai, unguwarmu ta nan Makka." Ya daɗe yana kallona.

Ranar hura shi na gayyato maƙwabta shan shayi. Kafin ruwan ya tafasa, Baba Sale, dattijon gidanmu, ya tuɓe hula yana fifita, ya ce, "Ɗana, nan har Janairu da fanka muke kwana. Gasa mu za ka yi?"

Har yau, duk sanda rana ta take, sai wani ya leƙo ya kira ni da laƙabin da suka sa mini, wato mai daffaya, ya ce, "Abu Daffaya, a kawo maka bargo?"